Hular Kwano a Kan Gawa

Ƙarfe bakwai da kwata na safe aka bugo wa Sufeto waya, wai tankar ruwa ta take wani mai babur a shataletalen da ke gaba da shingen 'yan sandan hanya. Ko maɓallin riga bai gama sakawa ba ya fice. Shi dama zama ba ya karɓarsa. In ya zauna ƙafarsa rawa take, in ya miƙe makullin mota yake kaɗawa har ya ishi kowa.

Ya tarar da titin a cushe. Masu baburan haya sun fi ɗari, suna murza totur suna ihun a ba su direba. An riga an farfasa gilashin tankar. Gawar kuwa tana bakin kwalbati, an rufa mata wani tsohon zane.

Saje, shugaban shingen, ya ƙame ya sara masa. Dattijo ne mai furfura a gashin baki, saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma shi ya koya wa Sufeto aiki tun yana kurtu. A gaban jama'a "Yallaɓai" yake ce masa, shi kuwa Sufeto bakinsa bai taɓa iya kiransa da wani suna ba sai Baba Saje.

"Yallaɓai, maganar a fili take," in ji Saje. "Tanka ce ta kwashe shi. Mun kai direban ofis kafin su cinye shi ɗanye."

"Ta gabanku ya wuce, Baba Saje?"

"Ta gabanmu. Da hularsa a kai, ba mu da dalilin tsayar da shi."

Sufeto ya durƙusa ya yaye zanen. Baƙar hular kwano ce a kan mamacin. An ja maɗaurinta tam a ƙarƙashin haɓa, an naɗe jelarsa sau biyu an cusa cikin zoben roba. Ya shafa hular gaba da baya. Ko ƙwarzane ɗaya babu. Ya sake duban maɗaurin, ya kuma ƙi tambayar kansa dalili. Ya ce a kai gawar asibiti yadda take, kada kowa ya taɓa hular.

Wata biyu ke nan da tsaurara dokar hular kwano. Duk wanda aka kama kai tsirara, a ƙwace babur. Amma takardar da ta zo da dokar ta ja kunnen 'yan sanda da babbar murya: ba a bin mai babur da gudu, ba a kai masa duka, in ya ƙi tsayawa a rubuta lambarsa a ƙyale shi.

A ofis, babban jami'i bai ko bari ya zauna ba.

"Kana jin masu baburan nan a bakin ƙofa? Kafin ƙarfe biyu nake son takardar tuhumar direban nan a kan teburina. In bai je kotu yau ba, wuta za su cinna mana."

"Yallaɓai, ban ko yi magana da shi ba."

"To yi da shi da sauri."

Direban tankar tsoho ne siriri, ya takure a lungun ɗakin tsaro.

"Ranka ya daɗe, ni ban ga komai ba. Ko saukowa ban yi daga mota ba."

"Ba ka sauko ba?"

"Wallahi ban sauko ba."

"To jinin da ke gwiwar wandonka fa? Ta taga ya shigo ya same ka?"

Tsohon ya dubi gwiwarsa, sai hawaye suka zubo.

"Tsoro ne, ɗana. Cewa na yi in na ce na taɓa shi, shi ke nan tawa ta ƙare. A kwance na same shi, babur ɗin na gefe taya na juyawa. Na taka birki na sauko. Na tallabi kansa na ɗora a cinyata, ina ta kiransa."

"Da hula a kan nasa?"

"Wace hula? Gashinsa na riƙe da hannun nan. Da na ga ya cika, na ruga neman taimako. Kafin in dawo mutane sun taru, wani ya nuna ni, sai ruwan duwatsu."

Sufeto ya fita harabar ofis inda aka jawo tankar. Ya zagaya ta sau biyu, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta. Babu lotsawa, babu fentin babur, babu jini a taya. Ya tashi yana kakkaɓe riga, ransa a jagule.

Likitar da ta duba gawar ba ta da ɓata lokaci. Ta juya kan mamacin ta nuna masa ƙeya.

"Nan ya bugu da bakin kwalbati. Duba, har da yashi a cikin raunin. Ka taɓa ganin yashi ya ratsa hular kwano bai fasa ta ba?"

"Kina nufin daga baya aka sa masa?"

"Ni ba na nufin komai, aikinka ne. Amma da tana kansa lokacin da ya faɗi, da yanzu yana zaune yana yi maka surutu. Kuma mota ba ta hau shi ba, ko ƙashi ɗaya bai niƙe ba." Ta ɗaga hannun daman gawar. "Sai wannan."

Wani dogon shati ne ya kwanta a kan tsintsiyar hannun, miƙaƙƙe sarai kamar an ja shi da abin awo.

"Sanda ce," in ji likita. "A hannun totur kuma."

Ya sa hular a leda ya fito. Sha ɗaya ta wuce. A mota ya kunna rediyo ya kashe, ya sake kunnawa ya sake kashewa.

Gidan mamacin ɗaki biyu ne a bayan kasuwar katako. Sannu-Sannu ake ce masa, domin duk cikin masu baburan haya babu mai tafiyar hawainiya irin tasa. Mahaifiyarsa ce ta yi wa Sufeto iso. Matarsa na zaune a ƙasa da tsohon ciki, ta rungume wata jar hular kwano da ta sha ɗinki.

"Sannu da haƙuri, baiwar Allah. Wannan hular ta wa ce?"

"Tasa ce." Muryarta ta dushe da kuka. "Ita kaɗai gare shi. Awo ya kai ni asibiti da sassafe, sai ya kifa mini ita. Na ce kai fa? Ya ce ke ce ke ɗauke da kai biyu. Ta lungu muka bi don kada a kama shi. Da ya sauke ni na shige da ita a hannu, na manta ban miƙa masa ba. Ni na kashe shi, Inna, ni ce!"

"Rufe bakinki, 'yar nan," in ji surukarta tana jijjiga ta. "Kwanansa ne ya ƙare."

Sufeto ya fito da baƙar hular daga leda. "Kin san wannan?"

Ta girgiza kai. Ya yi musu sallama da sauri, domin ya ji in ya ƙara minti ɗaya a ɗakin nan shi ma idonsa zai kawo ruwa.

A bakin ƙofar ofis ya kira shugaban masu babura gefe. Mutum ne mai tumbi da babbar murya, ya zo yana share gumi.

"Yallaɓai, yarana duk masu bin doka ne. Kowa da hularsa, a ɗaure tam."

"Haka ne? Juya ka dube su."

Shugaban ya juya. Hulunan na nan kam, amma a ɗofane a tsakiyar kai, wasu maɗauran na reto, wasu an datse su da reza gaba ɗaya. Ya sosa ƙeya ya yi 'yar dariyar kunya.

"Ka san zafi, Yallaɓai. Kuma fasinja na magana ba ka ji. Mu dai a gan ta a kai, a bar mu mu wuce."

Sufeto ya nuna masa maɗaurin baƙar hular, da jelar da likita ta bari a naɗe.

"A cikinku wa ke irin wannan ɗaurin?"

Shugaban ya dube shi, ya dubi Sufeto, ya rage murya. "Haba Yallaɓai. Wannan ai ɗaurinku ne."

Sufeto ya sani. Tun a bakin kwalbati ya sani, yawo kawai yake ta yi ko Allah zai sa ya sami wata amsa. Shekara goma sha tara da suka wuce, ranar da ya fara hawa babur ɗin sintiri, wani hannu ya kama haɓarsa ya ja maɗauri, ya naɗe jelar sau biyu, aka ce masa jela mai reto ta ɗan iska ce.

Ya wuce rumfar baburan da aka ƙwace. Na safiyar yau guda biyar ne a jere, motar shingen ta kawo su. Huɗu ba su da hula, shi ya sa aka kama su. Na biyar saboda rashin lamba aka kama shi, kuma a takardar da ke maƙale da madubinsa an rubuta: "Da baƙar hula ɗaya." Hular ba ta nan.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya aika wani Kofur ya kira Saje. Ya rufe ƙofa, ya ajiye hular a tebur, ya kasa zama.

"Baba Saje, ina sandarka?"

"Na bar ta a shinge, Yallaɓai."

"Shekara goma sha tara ban taɓa ganinka babu ita ba. Hular babur na biyar fa?"

"Ƙila mai shi ya tafi da ita."

"Rubutunka ne a takardar, Baba. Ga kuma ɗaurinka." Ya tura masa hular gabansa. "Da kifa masa ka yi kawai ka bar maɗaurin na reto, da yanzu tsohon can yana hanyar kotu. Hannunka ne ya ƙi yarda."

Saje ya daɗe yana kallon hular. Can ya jawo kujera ya zauna ba tare da an ba shi izini ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Na ɗaga masa hannu, ya kauce," ya ce a hankali. "Ba gudu yake ba ma. Sai na ji raina ya ɓaci. Ɗana, gawa nawa na kwashe a titin nan da hannuna? Yara ƙanana, kai a fashe, don hular da ba ta kai kuɗin taya ba. So nake ya tsaya in yi masa faɗa. Na kai sandar ga madubi, ta sami hannunsa. Babur ya ƙwace masa, ya yi ta tangaɗi har shataletale."

"Sauran yaran shingen fa?"

"Suna can baya suna loda babura a mota, ba su gani ba. Na ga direban ya ruga. Na ce in aka same shi babu hula, za a tambayi yadda ya wuce ni, daga nan sai maganar sanda. Wata huɗu ya rage mini. Sai na ɗauko hular."

"Ka kuma tsaya kana kallo ana jifan tsoho."

"Na cece shi daga hannunsu."

"Ka kawo shi nan ya ɗauki laifinka."

Saje ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka sauka.

Babban jami'i ya karanta rahoton da Sufeto ya rubuta a kan Saje sau biyu, ya cire tabarau ya murza ido, sannan ya sa hannu. Aka buɗe wa direban tanka. Ya fito yana dafa bango, ya kama hannun Sufeto da hannu biyu. Da labari ya isa bakin ƙofa, ƙarar babura ta mutu ɗaya bayan ɗaya.

A gaban kantar ofis, Saje ya cire bel da hular aiki ya miƙa wa Kofur. Kofur ya ja da baya ya ɓoye hannuwansa, shi ma ɗalibinsa ne. Sufeto ya karɓa da kansa, ya rubuta a littafi, ya kama gwiwar hannun dattijon ya raka shi har ɗakin tsaro.

A bakin ƙofar Saje ya waiwayo.

"Ɗana, alfarma ɗaya. Ka je ka faɗa wa innarku da bakinka. Kada ta ji a titi."

Sufeto ya murɗa makulli. A gidan Saje ya ci abincin rana shekara uku yana kurtu, matar Saje kuma har yau ba ta kiransa da komai sai "babban ɗana". Ya fita ya shiga mota ya ɗora hannu a sitiyari, ya daɗe bai tayar da ita ba.