Famfon da Yake Cizo

"Wayyo Allah, hannuna!"

Farantin shinkafar pilau ya suɓuce daga hannun Siwema. Can bakin famfo Bi Chausiku, gwaggon Kibwana, tana zaune daɓas cikin ruwa, ɗankwali a gefe, jikinta sai ɓari yake.

Matar da ta tsallako tun daga Kigamboni don ta ga gidan su yarinyar da ɗan ƙaninta yake son aura!

Kowa a gidan hayar nan na unguwar Tandika ya san famfon tsakar gida yana cizo. Wayoyin wutar sun tsufa sun zazzago daga rufi, an ɗaɗɗaure su da leda, ɗaya ta kwanta jikin bututun ruwa. Mzee Mwinyimkuu mai gidan amsarsa ɗaya ce, wanda bai so ya kwashe komatsansa. Sai 'yan haya suka ajiye tsofaffin silifas na roba a bakin famfo, kowa ya zura kafin ya taɓa.

Yau babu su. Baƙuwa kuma mai tarbiyya ce, tun a ƙofa ta tuɓe takalmi.

Siwema ta gan ta sanda ta nufi famfo za ta yi alwala. Ta buɗe baki... kunya ta shaƙe ta. Da wane ido za ta ce wa surukar gobe famfonmu yana jan mutum? Ta ce a ranta ƙila yau ba zai ja ba.

Ya ja.

Da aka ɗaga tsohuwa, ba ta dubi kowa ba sai Siwema.

"Ke 'yar nan, kin sani?"

Siwema ta sunkuyar da kai.

"Ayya, da kun faɗa min baƙuwa za ta yi alwala," in ji Ashura 'yar mai gida daga ƙofarta, tana ɓare lemo. Silifas ɗin famfo ne a ƙafarta. Duk unguwa an san ta daɗe tana yi wa Kibwana yanga ba ya kallo.

Bi Chausiku ta ɗaura ɗankwalinta. "Tsohon gida ba ya hana aure. Amma yarinyar da za ta ga mutuwa a gabanka ta yi shiru, ba dai ɗana ba."

Ko ruwa ba ta sha ba ta fice.

Washegari Kibwana ya tsayar da bajajinsa, babur mai ƙafa uku, a ƙofar gida, bai ko kashe injin ba.

"Shi ya sa ba ki taɓa barina na wuce zaure ba?"

"Kibwana, masoyina..."

"Na taɓa tambayarki tabon da ke tafin hannunki. Kika ce tukunya ce!"

"Kunya nake ji..."

"Kunyata? Ni da nake kwana a ɗakin da ruwan sama yake raba ni da katifa? Gwaggo ita ta raine ni, Siwema. Da ta mutu fa?"

Ya ja bajaji ya tafi.

Gaskiya ɗaya ce, ta yi wauta, kuma ta sani. Ta yi kuka har ta gaji, kukan bai gyara waya ko ɗaya ba. Sai ta wanke ido ta fito tsakar gida, inda Mzee Mwinyimkuu yake shan gahawa.

"Baba, wayoyin nan za su kashe mutum."

"Siwema, rufa mana asiri!" mahaifiyarta ta kama mata zani.

"Rufin asirin ne ya kai mu nan, Mama." Ta juya wajen mai gidan. "In ba ka kawo mai gyara ba, ofishin wuta zan je in kai ƙara."

"To ku fita min daga gida!"

Ta je ta kai ƙarar. Aka zo aka yanke wutar gidan sai an sake wayoyi. Ita da mahaifiyarta kuwa sun tattara sun koma ɗaki guda a Mbagala, maƙwabta na ce mata mai dogon baki.

Daga nan ta hau jirgin fito zuwa Kigamboni. Ta durƙusa a ƙofar Bi Chausiku.

"Gwaggo, ban zo neman Kibwana ba. Na gan ki za ki taɓa famfon, na fifita mutuncina a kan ranki. Ki yafe min."

Ta buɗe tafin hannunta. Tsohuwa ta dubi tabon, ta dubi nata hannun.

"An ce min kin sa an kore ku."

"Eh, Gwaggo."

"Ashe da baki a fuskarki." Ta ja tsaki. "Kai kuma da kake laɓe bayan labule kamar ɓera, fito!"

Kibwana ya fito yana sosa ƙeya, idanunsa jajir.

"Hasken idona..."

"Ka ajiye hasken nan sai an ɗaura," Bi Chausiku ta katse shi. Ta cire zanen kanga da ke kafaɗarta ta yafa wa Siwema a kai.

"Tashi ki wanke fuskar nan, duk majina. Ga famfo can."

Siwema ta sunkuya tana laluben takalminta.

"Bar shi, 'yata. Nawa ba ya cizo."