Ranar da Rafi Ya Sauya Hanya

Da safiyar Litinin aka kira Insifekta Lorne Wiebe a waya: an sace katafilar gunduma, kuma an dawo da ita.

Ya same ta a ma'ajiyarta, an wanke ta fes, an cika mata mai. Wiebe ya daɗe yana aiki a wannan yanki na Manitoba a ƙasar Kanada, amma bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka ba.

"An fasa kwaɗo?" ya tambayi mai gadi.

"Ko ƙwarzane babu, yallaɓai. Jiya duk muna coci."

Wiebe ya bi sawun ƙafafunta har bakin rafin da ya raba gundumarsu da ta maƙwabta. Nan ya tsaya baki sake. Rafin ya tashi daga inda aka san shi. An haƙa masa sabuwar hanya, ya zagaye gidan burodin Orest ta baya, har agwagi sun bi shi can kamar dama nan suka taso.

Orest mai burodi ya fito da gari a gemu.

"Orest, jiya kana waccan gunduma, yau ka kwana a tamu. Yaya aka yi?"

"Ikon Allah, Insifekta. Ban ji komai ba."

"Katafila ta wuni tana ruri a bayan tandarka, ba ka ji ba?"

"Kunnen ne ya tsufa."

"Sabuwar doka ta ce gidan kula da tsofaffi zai sayi abinci a wurin 'yan gunduma kaɗai. Ita ta raba ka da kwangila. Wa ya fi ka riba?"

Orest ya shimfiɗa hannuwansa. "Ko keke ban iya ba, ɗan'uwa."

Gaskiya ce, gari duk ya sani. Amma idon Orest na komawa kan kofuna biyu na kofi da ke bisa taga.

A gidan tsofaffin, mai dafa abinci ta sauke murya.

"Irma Penner ce damuwarmu. Ta manta sunanta, ta manta 'ya'yanta, baƙin burodin Orest kawai bakinta ya sani. Tun da aka canza burodin, ta rufe baki, ta daina cin abinci. Abincin waje kuwa ba ya wuce ƙofa."

"Mijinta fa?"

"Alvin? Ai shi ke tuƙa katafilar gunduma kafin ya yi ritaya."

Wiebe ya sami Alvin zaune a bakin sabuwar hanyar ruwan, da ƙunshin burodi a cinyarsa.

"Baba Alvin, ina ka wuni jiya?"

"Kamun kifi."

"A wane rafin? Tsoho ko sabo?"

Dattijon ya yi murmushi, sannan murmushin ya gudu. Ya zaro tsohon makullin katafilar daga aljihu ya miƙa.

"Sun ce iyaka rafi ce. Na je ofis sun ce doka ce, ba a taɓa ta. To, ni ban taɓa doka ba, Lorne. Ruwa na taɓa."

Wiebe ya tsuguna kusa da shi. "Baba, ko ka kai rafin nan teku, iyaka tana inda take a da."

Alvin ya dubi agwagin da ke kan ruwan.

"Ashe wahalar banza na ba agwagi," ya ce. "Wannan burodin ma da safe suka maido ni da shi daga ƙofar gidan tsofaffi. Irma ta rame, Lorne. Zobenta faɗuwa yake yi."

"Tashi mu je. Dole in kai ka caji ofis."

Bai sa masa ankwa ba. A hanya ya tsayar da mota a ƙofar gidan tsofaffin, ya karɓi ƙunshin, ya cusa a cikin rigarsa ta aiki.

"Za su hana ka," in ji Alvin.

"Ka taɓa ganin an caje insifekta? Yaya take son burodin?"

"Ka cire ɓawon. Ka tsoma a shayi. Kada ka ce mata ci, kai dai ka fara ci a gabanta."

Wiebe ya gyara hula ya shiga.