Hannun da Ya Kankare Lambar Inji

A shekarar da soja suka koma bariki, wata rana da la'asar sakaliya, Ambrose mai sayar da kayan wuta a Sabon Gari ya miƙa wa Hambali wani akwati a cikin kwali. Inbata ce, irin wadda ke saita gudun inji. Sabuwar shigowa ce a lokacin, duk layin babu mutum uku da suka iya taɓa madannanta. Ya ce ya kai ta gidan wankan Dabo da ke bayan Kantin Kwari, ya haɗa ta da injin da ke zuƙe ruwan ƙazanta. In ya saita daidai, duk wadda aka kawo daga Legas nan gaba shi zai riƙa sakawa. In ya ƙona inji, kada ya sake tako masa shago.

"Kada ka yi kintace," in ji Ambrose. "Abin da ke rubuce a jikin injin, shi za ka ba ta."

Hambali kuwa, Allah ya yi shi da ƙyanƙyami. Mutum ne da ko ƙuda ya sauka a bakin kofinsa sai ya zubar da shayin. Matarsa Falmata ba ta barin rigarsa ta fita ba ta sha turaren wuta ba. Amma shekara goma sha ɗaya yana fama da gyaran fanka da dutsen guga, yau ga hanya ta buɗe, ina zai ƙi?

Ya isa ana shirin kiran magariba. Dabo ya nuna masa wani ɗaki a ƙarshen layin bandakuna, ya ce rabon da a buɗe shi tun kafin azumi, ya wuce masallaci abinsa.

Hambali ya tura ƙofa, wari ya daki fuskarsa. Tir! Baƙin ruwa kwance a ƙasa, kumfa a samansa, fararen tsutsotsi suna ninƙaya a gindin bango. Ya toshe hanci da hankici, ya tattare wando, ya faɗa ciki da sauri yana taka bulo uku da aka jera har wurin injin.

Sai da ya kai can ya tuna. Addu'ar shiga irin wannan wuri, wadda a bakin ƙofa ake yin ta, bai yi ba. A ciki kuma ba a ambaton sunan Allah. Gyaran fa ba wuya, fita zai yi ya karanta ya dawo. Ya dubi ruwan, ya dubi bulon nan masu santsi, ya fasa. Ya ce a ransa ai minti goma ne. Ka ji inda tsabtar tasa ta kai shi.

Ya ɗaure inbatar a bango, ya haɗa wayoyi. Saura lamba. Ɗan ƙarfen da aka buga lambobin a kai yana bayan injin, ta wajen bango, ƙazanta ta bushe a kansa kamar ƙanzo. Ya zura hannun dama ya kankare da farce, ya haska da tocila da gutsuren madubi. Ƙarfin wuta, ɗari uku da tamanin. Abin da injin ke ja, goma sha ɗaya. Juyi, dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin a minti. Ya danna su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya danna gwaji, inda inbatar ke tura wuta kaɗan cikin injin ta ɗumama shi ba tare da ya juya ba.

Injin ya fara wani siririn kuka.

Warin ya sauya. Yanzu kamar gashi ake babbakawa, ga ɗoyin ruɓaɓɓen nama a ƙarƙashinsa.

Aka ɗauke wuta. Rediyon maƙwabta ya yi shiru, ƙwan lantarkin da ke saman kansa ya mutu.

Gilashin inbatar bai mutu ba. Ya san takan ɗan jima. Ya ƙirga goma. Ya ƙirga ashirin. Lambar wutar da injin ke ja sai hawa take. Sha biyar. Ashirin da biyu. Talatin. In ta ci gaba a haka koyil, naɗin wayar cikin injin, zai ƙone, aikin Ambrose ya tafi ke nan.

Ko shi ne bai karanta daidai ba? Ya sake zura hannu bayan injin yana laluben ƙarfen.

Aka riƙe masa wuyan hannu.

Yatsu ne masu sanyi, masu yauƙi. Sai wani abu mai ɗumi ya bi tafinsa a hankali, ya shiga tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana lashe abin da ya kankaro. Yana jin tsotsa. Yana jin haɗiya.

"Ka shigo ba sallama," aka ce ƙasa-ƙasa daga cikin injin. "Ka kuma hura mana wuta a makwanci."

Hambali ya yi amai a kan rigarsa.

Ya kai hannun hagu ya danna jan madanni. Kukan ya tsaya. Riƙon ya ɗan sassauta, ya fizge, ya zame a kan bulo ya faɗa ruwan nan ruf da ciki.

Ana jan ƙafar wandonsa.

Ya rarrafa. Kansa na leƙawa waje ya ƙwala a'uzubillahi.

Aka sake shi.

Washegari Ambrose ya je ya duba da kansa. Lambobi daidai, inji na zuƙa lafiya lau, ramin ya ƙafe. Ya zo har gidan Hambali a Rijiyar Lemo yana murna, ya ce aiki ya zama na Hambali, ya miƙa hannu su gaisa. Hannuwan na haɗuwa ya ja da baya, ya juya ya tofar da yawu, ya yi ta goge tafinsa a wando. Ya ce zai aiko. Har yau bai aiko ba.

An gwada sabulu, an gwada toka da lemon tsami, har kananzir da rubutun malamai. Falmata ta ƙarar da kwalbar humra guda a kan hannun nan, ɗoyin bai fita ba. Kullum da magariba sai tafin ya jiƙe shi kaɗai, yauƙi na bin tsakanin yatsu. Shekararsu tara shi da Falmata suna cin tuwo a kwano ɗaya. Rannan ta kawo masa nasa daban da cokali a kai, ta ɗauki nata ta koma tsakar gida.