Jan Ɗigo a Kan Sukuru

An sace fasfon Injiniya daga ofishin asibiti, ana gobe za a kai shi hukumar shige da fice a ƙara masa wa'adin bizar aiki.

A waya aka faɗa wa Sufeton 'yan sanda. Ya san Injiniyan. Baƙo ne daga wata ƙasa, shi ke kula da injinan wankin ƙoda na asibitin, kuma da ɗaya daga cikin injinan nan matar Sufeto take rayuwa. Kafin zuwan mutumin, yau inji ya yi aiki, gobe a ce kowa ya koma gida. In biza ta ƙare aka sa shi a jirgi, Sufeto ya san abin da za a koma.

Ya ɗauki Kofur suka tafi.

Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, fanka ɗaya, sai kabad ɗin ƙarfe jingine da bango. Madam, mai kula da takardun ma'aikata baƙi, tana tsaye tana share zufa da gefen mayafi.

"Wa ke riƙe da makulli?" in ji Sufeto.

"Ni kaɗai, Yallaɓai. Bai taɓa barin jakata ba."

"An fasa kwaɗon?"

"Ga shi nan lafiya lau."

"Me kuma aka ɗauka?"

"Babu. Fasfon likitoci da na nas-nas duk suna nan. Nasa kaɗai."

"Jiya kin fita?"

"Ko ƙofa ban leƙa ba."

Kofur ya fita ya dawo, ya raɗa wa Sufeto abin da maigadi ya ce. Sufeto ya juyo.

"Madam, motarki ce ta fita da rana ita kaɗai, ko da direban aljanu?"

Ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. "Yarona na ɗauko daga makaranta. Na bar ofis a buɗe, na manta. Amma wallahi kabad a kulle yake. Don Allah kada shugaban asibiti ya ji."

Sufeto yana kallon ƙasa ne. A gindin kabad ɗin akwai sabon karce a kan siminti, alamar an ja shi. Ya sa Kofur ya janye shi daga bango. Bayansa faranti ne na ƙarfe da aka ɗaure da sukuru. Duk suna nan, a ɗaure tamau. A kan kowanne akwai ɗan ɗigon jar maka, irin alƙalamin nan mai kaurin baki.

"Haka kamfani ke yinsa, Oga?" in ji Kofur.

Sufeto ya goga yatsa. Jan ya ɗan biyo fatarsa. "Kamfani bai yi wannan jiya ba."

Ya san ya taɓa ganin ɗigon nan a wani wuri, amma ya rasa ina.

Kafin su fita ya tambayi Madam yadda ake ƙarin wa'adin.

"Da, ni ke kai musu fasfo su buga hatimi. Bana sun canja. Dole mutum ya je da kansa, ya ɗora yatsu a na'ura, su gwada da waɗanda ya bayar a ƙasarsu lokacin da ya nemi bizar."

"Injiniya ya san da haka?"

"Ni na faɗa masa makon jiya. Sai da ya sa na maimaita."

Ɗakin Injiniya na bayan asibiti, a gidajen ma'aikata. Katifa, tukunya ɗaya, akwatin kayan aiki. Shi kansa dogo ne siriri, mai magana a hankali. Ya tarbi Sufeto da hannu biyu.

"Yaya jikin Madam ɗinka, Yallaɓai? Yau ranarta ce ai."

"Tana ciki. Kana zargin wani?"

"Ba na zargin kowa. Takardar shaida kawai nake so daga wajenku cewa an sace. In na kai ta, za su ba ni 'yan watanni kafin sabo ya fito."

Sufeto ya daɗe a aiki, bai taɓa ganin wanda aka yi wa sata bai tambayi yaushe za a gano kayansa ba.

"Me ya samu yatsunka?"

Injiniya ya mayar da hannu aljihu. Duk kan yatsun filasta ne. "Ƙarfen liƙe waya ya ƙona ni."

"Hannu biyu?"

"Aiki ne, Yallaɓai."

A jikin bango akwai hoto. Maza biyu masu kama ɗaya, Injiniya a tsaye, ɗayan a keken marasa lafiya, bakinsa ya karkace.

"Wane ne?"

"Abokina ne."

"Abota ta ba ku hanci ɗaya."

Injiniya ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.

Sufeto ya sallami Kofur ya je ya ci abinci, shi ya wuce ɗakin wankin ƙoda. Matarsa na kwance, robobi biyu a hannunta, jini na fita yana dawowa. Ta dube shi.

"Baban yara, wannan fuska fa? Kamar kai aka sace."

"Gajiya ce."

"Ka gano masa abinsa dai. Mutumin nan in ya tafi, ka fara neman mata."

"Wa zai aure ni da wannan tumbin?"

Ya ja kujera ya zauna kusa da injin, inda ya saba zama. Idonsa ya sauka a gefensa. Kowane sukuru da ɗan jan ɗigonsa. Ya tuna. Sau nawa ya zauna a nan yana kallon Injiniya ya ɗaure sukuru, ya ciro maka daga aljihu ya ɗiga, ko kallon hannunsa ba ya yi, don ya san wanda ya gama.

Ya daɗe a zaune. Ya san in ya rubuta takardar shaidar nan babu wanda zai tambaye shi komai. Ya kuma san Madam za a kora, ƙila ma a ɗaure. Ya dubi matarsa, ta yi barci. Ya tashi.

Ya samu Injiniya a ɗakin tace ruwa yana duba famfo. Ya rufe ƙofa.

"Ba ni makar da ke aljihunka."

Injiniya ya tsaya cak. Can ya miƙo ta.

"Ɓarawo ba ya mayar da sukuru," in ji Sufeto. "Kai har ka sa musu alama."

Injiniya ya zauna a kan bokiti. "Hannuna ne ya yi. Sai da na kwanta na tuna."

"Ina fasfon?"

"Yana ƙarƙashin akwatin kayan aikina."

"Na wane ne?"

"Na yayana, wanda ka gani a hoto. Shi aka ba aikin, shi ya ba da yatsu. Saura kaɗan ya taso, ɓarin jikinsa ya shanye. Tare muke gyaran injinan nan tun muna samari. Mahaifiyarmu ta ce in tafi, kamarmu ɗaya, 'ya'yansa ba za su zauna da yunwa ba. Ban yi zaton wata rana za a nemi yatsu ba." Ya ɗaga hannayensa. "Na gwada ƙona su. Na kasa ƙarasawa."

"Ita kuma Madam da za a ɗora wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani. Ban yi barci ba."

Sufeto ya ciro ankwa, ya dube ta, ya mayar aljihu.

"Yallaɓai, ka bari a gama wa Madam ɗinka. Injinta na ɗan wasa da ruwa kwanakin nan, sai ina kusa."

Suka tsaya su biyu a bayan gilashi har aka cire mata robobin. Sannan Kofur ya zo ya kama Injiniya a gwiwar hannu, suka bi da shi ta ƙofar baya.

Kotu ta ɗaure shi, ta ce in ya gama a sa shi a jirgi. Madam ta tsira da takardar gargaɗi. Asibiti ya ce yana neman wani injiniya daga waje, bizarsa na kan hanya.

Ba a yi wata ba injin ya tsaya. Nas ta fito ta ce kowa ya koma gida, za a kira. Ƙafafun matar Sufeto sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Ya durƙusa ya goya ta zuwa mota, takalman a hannunsa.