Zuciyar Janar a Cikin Na'ura

Da hantsi aka kunna Maƙwabci, kamar kullum. Fitilun jikinsa suka riƙa kamawa bi da bi, fankokin da ke sanyaya shi suka ɗauki gurnani, sai ga fuskar Janar Bawale Gagare a bangon gilashi, har da tabon da ke gefen girarsa. Ya ƙare wa ɗakin kallo a wulaƙance.

"Wa ya ba ku izinin zama?" in ji shi.

Dakta Lantana Mijinyawa ta ja kujerarta ta zauna. Ita ta ƙera shi da hannunta, ta san sarai ba mutum ba ne, amma har yau in ya buɗe baki sai tsigar jikinta ta tashi.

Asalin sunan na'urar Makwaikwayin Hali. Ma'aikata ne suka laƙaba mata Maƙwabci, domin Janar Bawale na gaske shi ke mulkin Dutsen Ƙarfe, ƙasar da ke gabas da birninsu na Kurmin Rana. Tun da koguna suka ja baya kowane babban birni ya zama ƙasa mai cin gashin kanta, da hasumiyoyinta na tatsar ruwa daga iska da gonakinta na saman bene. Janar ya riga ya haɗiye ƙananan birane na kusa da shi, yanzu kuma ya zuba wa Kurmin Rana ido. Shi ya sa aka ɗura wa na'urar duk wani jawabi da ya taɓa yi, da irin takunsa, da yadda jijiyar wuyansa ke harbawa in an yi masa tambayar da ba ya so. Kafin majalisa ta aika masa da kowane saƙo, sai an fara gwada shi a kan Maƙwabci an ga yadda zai karɓa.

An gwada lallashi. Aka ce an sakar masa hasumiyoyin bakin iyaka, ya yi godiya da fara'a, kafin a rufe baki ya nemi na bayansu. An gwada barazana, nan kuwa har wani haske fuskarsa ta yi, kamar wanda aka kawo wa abincin da ya daɗe yana marmari.

Abin da ya fi ba Lantana mamaki tun farkon aikin ta gano shi. Da aka gama haɗa na'urar, Janar ɗin da ya fito wani salihin bawan Allah ne mai inda-inda, wanda ko akuya ba zai iya kora daga gona ba. Ta sha wahala kafin ta gane abin da ta bari a baya. Ta kwaikwayi mutumin, ta manta da mutanen da ke kewaye da shi. Sai ta ƙara wani maɓalli da ta kira maɓallin zuga. In an murɗa shi, muryoyin fadawa da mawaƙa da gidajen rediyo ke kwarara a kunnen Janar, ana ce masa shi ne bango, shi ne hadari, duniya tsoronsa take ji. Ana murɗawa yana kumbura. In aka rage, sai ya sassauta murya ya tambaya, "Me ake cewa a kaina a kasuwa?"

Da wannan ta je gaban majalisa ta faɗa musu gaskiyarta. Mutumin nan ba ƙasa yake yunwa ba, tsoron raini ne ke cinsa. Kada a ba shi ko taku ɗaya, domin kyauta a wurinsa alamar tsoro ce. Kada kuma a muzanta shi a bainar jama'a, domin irinsa gara ya ƙone gari da a gan shi ya sunkuyar da kai. Birane su haɗa kai su tsaya cak a kan iyaka, su yi shiru, sannan a bar masa wata 'yar ƙofa ta baya da zai fita yana cewa shi ya ga dama. Majalisa ta karɓa, aka bi shawarar, aka kuwa samu lafiya har damina ta wuce.

To, a wannan hantsin ne ta lura da maɓallin. Ta bar shi jiya a tsakiya, inda ya dace da ainihin fadar Janar, yau ta tarar an murɗe shi har ƙarshe. Ba yau aka fara ba. Da farko ta ɗora laifin a kan injinan shara, sai dai injin shara ba ya shafa turare, ɗakin kuwa ƙamshin wani turare mai nauyi yake yi, irin wanda ke riga Ministan Tsaro Ilu Makama shiga ɗaki, ya kuma daɗe bayan ya fita.

Ba ta tambayi kowa ba. A ginin nan yanzu ba ka san wanda ke kai rahoton wani ba, ko gaisuwa aka tsawaita maka sai ka tsargu. Da aka tashi aiki ta yi sallama da kowa, ta sauka ƙasa, ta yi la'asar a masallacin mata, sannan ta sake hawowa ta matakalar baya ta tsaya a bayan akwatunan sanyi.

Ilu ne, kamar yadda ta zata. Wanda ba ta zata ba shi ne mutumin da ke zaune a kujerarta. Shugaba Nomau Arzika ne da kansa.

Lantana ta san Nomau tun yana injiniyan ruwa, mutum mai sanyin hali wanda ko bayan an zaɓe shi jirgin ƙasa na gama-gari yake hawa zuwa ofis. Amma tun da Janar ya ja da baya aka fara yi masa waƙa. A tashoshin jirgi ita ake sakawa, a allunan gine-gine hotonsa ne, an ce shi ne garkuwar da ta sa zaki ya koma kogo. Mutum ɗan tara ne, kuma daɗin yabo ba ya sallama kafin ya shiga.

"Tambaye shi kuma, ranka ya daɗe," in ji Ilu, hannunsa a kan maɓallin.

"In muka yi shiru, me za ka yi?" in ji Shugaba.

"Zan shafe ku," in ji fuskar da ke gilashi. "Wanda ya jira, shi ake binnewa."

Ba amsar ce ta tayar wa Lantana da hankali ba, domin duk wanda aka zuga haka abin da zai ce ke nan. Leɓɓan Shugaba ta gani suna motsi tare da na Janar, yana maimaita kalmomin a hankali kamar mai hadda.

Ba a yi mako ba maganar ta fito a zaman sirri. Kurmin Rana za ta riga kai hari da zarar wata ya kama. Inda za a fara kuwa Mashigi ne, garin kan iyaka inda Janar ke ajiye jiragensa marasa matuƙa. Katanga ɗaya ce tsakanin rumbun jiragen da asibitin haɗin gwiwa na biranen biyu, a asibitin nan kuma Kubura take aiki, 'yar Lantana ta fari, wadda ita kaɗai Allah ya bar mata.

Ta kira ta a waya, tana sane da cewa akwai kunne na uku a kan layin.

"Likita, ba za ki zo gida ki huta ba?" Ba ta taɓa kiran sunanta ba, ta fari ce.

"Umma, lafiya? Muryarki wani iri."

"Lafiya lau. Ƙafar nan ce ta tashi. Ki zo ki duba ni."

Kubura ta yi dariya. "Umma, ke da kike da asibiti a ƙasan benenku? Mata ne cike da ɗakin haihuwa, mu biyu ne kawai a nan. In ta ukunmu ta dawo daga hutu zan zo, in sha Allahu."

Lantana ta ajiye wayar. In ta faɗa mata gaskiya, kafin Kubura ta ɗauki jaka an kama su duka biyun, kuma ta san 'yarta, ko ta ji ba za ta tafi ta bar masu naƙuda ba. Hanya ɗaya ta rage, a fasa harin.

Ta nemi ganin Shugaba, aka ce sai ta bi ta ofishin Ilu. Ta yi tunanin ta dage, ta zauna a ƙofar Shugaba har ya fito, ko ta bi ta wajen uwargidansa da suka yi makaranta tare. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ta. Ita masaniya ce, hujja take so, wadda ba mai iya musawa. Kayan aiki kuwa ga su nan birjik, domin babu wanda aka ɗauki jawabinsa da hotonsa a Kurmin Rana kamar Nomau. Ta rufe ƙofa ta ƙera Makwaikwayi na biyu. Ta zuba masa waƙoƙin tasha da kirarin Ilu, daidai gwargwadon abin da yake sha kullum, ba ta ƙara ko kaɗan ba. Da ta saurari abin da ya fito, sai da ta nemi kujera ta zauna.

Ranar da majalisa za ta sa hannu, aka hallara a ɗakin na'ura don gwaji na ƙarshe. Lantana ta rufe fuskokin gilashin, ta sauya muryoyin suka zama iri ɗaya.

"Ranka ya daɗe, na yi wa na'urar gyara," in ji ta. "Zuciya biyu ce a ciki yanzu. Zan yi musu tambaya ɗaya, ku faɗa mini wacce ce ta fi haɗari."

Ilu ya dube ta a kaikaice. Shugaba ya ɗaga hannu, alamar ta ci gaba.

"Akwai asibiti a jikin rumbun maƙiyinka," ta ce wa na'urar. "Za ka kai harin?"

Ta farko ta ce, "Zan kai, in na tabbata ana kallona. In ba mai gani, zan jira."

Ta biyu ta ce, "Zan kai. Ni ba na son yaƙi, kowa ya sani. Su suka ajiye asibiti a wurin, alhakin yana wuyansu. Tarihi zai gode mini."

Shugaba ya girgiza kai. "Ta farkon ɗan iska ne kawai, ana iya maganinsa. Ta biyun nan ita ce masifa, Dakta. Mutumin da zai kashe masu jego yana ganin kansa mai ceto, ba a zama da shi a duniya ɗaya. Wannan shi ne Bawale na gaskiya."

Lantana ta yaye rufin. A gilashin hagu Janar ne. A na dama Nomau Arzika ne, da sabuwar hularsa, yana kallon Nomau Arzika.

Ta ga fuskar Shugaba ta saki, ta ga idonsa ya kaɗa, har ta hango injiniyan ruwan nan da ta sani yana ƙoƙarin fitowa. Ranta ya ce an gama, Kubura ta tsira. Sai wani daga kujerun baya, Allah kaɗai ya san ko wane ne, dariya ta kuɓuce masa. 'Yar ƙarama ce, ya ma yi maza ya mayar da ita tari.

Shugaba bai waiwaya ba. Jijiyar wuyansa ce ta fara harbawa.

"Ranka ya daɗe," in ji Ilu a hankali, "ka ga abin da nake faɗa maka. 'Yarta tana cin albashin Dutsen Ƙarfe. An shigo har cikin gida ana so a mai da kai abin dariya."

Nomau ya miƙe ya gyara rigarsa. Murmushi yake yi, irin wanda Lantana ta sha gani a gilashin hagu.

"Mun gode, Dakta. Kin nuna mana cewa sirrinmu ya fita, saboda haka jira ya ƙare." Ya juya ga Ilu. "Ba sai wata ya kama ba. Yau."

Babu wanda ya yi musu. Waɗanda ɗazu suka sunkuyar da kai su suka fara miƙewa, kowa na gudun a ce shi ne ya yi dariyar. Aka karɓe wayar Lantana, aka fita, aka kulle ƙofar ta waje, aka bar ta da fuskoki biyu.

Ta buga ƙofar har hannunta ya mutu. Ta tagar sama tana jin ƙugin jirage suna ɗagawa daga filin bayan gari, suna yin gabas. Da ƙarfinta ya ƙare ta dawo gaban gilashin dama, ta murɗe maɓallin zuga har ƙasa. Waƙoƙin suka ɗauke. Fuskar ta koma ta mutumin da ke hawa jirgin gama-gari.

"Don girman Allah," ta ce, muryarta a dishe, "me zai tsayar da kai yanzu?"

Fuskar ta dube ta, fankokin na'urar na juyawa.

"Yanzu kam babu, Lantana," in ji ta cikin taushi. "Da kin same ni ni kaɗai, da na fasa."