Mai Wankan Gawa na Gudu

Abdulmajeed maƙaryaci ne, kuma a kan mamaci ya shirya ƙaryarsa.

Ranar sadakar uku ta Malam Sadisu, autarsa Nafeesa tana zaune cikin mata sai yayarta Hafsah ta miƙo mata waya.

"Karanta abin da angonki ya tura wa mutanen ofishinsu."

Ta karanta. Wai surukinsa, tsohon darakta a gwamnatin tarayya, ya riga mu gidan gaskiya.

Malam Sadisu bai taɓa zama a kujerar ofis ba. Birkila ne, ya zo Abuja tun unguwar Gudu tana daji. Shekara arba'in shi ke wanke mazan unguwar idan sun mutu, ya raka su maƙabarta, ya dawo ya yi wa matarsa Asta cefane. Ya raini 'ya'ya bakwai da marayun ƙaninsa uku. Har ya kai tamanin da takwas bai taɓa cin abincin rana ba sai ya tambaya ko Asta ta ci. Wannan mutumin ne wani mai ɗaure wuya da nakatayi yake jin kunyarsa.

Nafeesa ta sa aka kira mata angon nata, Abdulmajeed, zaure. Saura mako uku ɗaurin aurensu, kuma tana sonsa, so na shekara biyu.

"Wane ne daraktan?"

"Haba sahibata... kin san halin 'yan ofis. Ogana zai zo ta'aziyya yanzu. Me zan ce masa? Surukina mai wankan gawa ne?"

"To mene ne shi?"

"Ki rufa min asiri, hasken idona. Minti goma kawai zai yi. Kowa ya yi shiru, shi ke nan."

Ta juya ta koma cikin mata. Ta san idan ta buɗe baki auren ne zai tafi.

Ogan nasa, Alhaji Umar Farouk, ya iso da azahar. Ya nemi a kai shi ya gai da uwargidan. Da ya shiga falo ya ga hoton tsohon a bango, sai ya tsaya cak. Aka nuna masa kujera, ya ƙi, ya zauna a tabarma.

"Mama, gidan Malam Sadisu ne nan? Mai wanka?"

"Nan ne, ɗan nan," in ji Asta.

"Shi ya wanke mahaifina. Ciwo ya cinye jikinsa, mu 'ya'yansa biyar muka kasa shiga ɗakin. Malam ya shiga shi kaɗai. Da ya fito bai taɓa gaya wa kowa abin da ya gani ba." Ya share ido da hannun riga, sannan ya juya. "Abdulmajeed, ba darakta ka ce mana ba?"

Mai kunya da a nan zai sunkuyar da kai. Abdulmajeed kuwa sai ya yi murmushi.

"Ai ranka ya daɗe, kafin ya yi ritaya ne... ko ba haka ba, Nafeesa?"

Kowa ya dube ta. Ta ɗago kai ta dubi Alhajin.

"Babana birkila ne, ranka ya daɗe. Kuma mai wankan gawa."

"Nafeesa, don Allah..."

"Ka daina kiran sunana a gaban hotonsa."

Asta ba ta ko dubi inda yake ba.

"Hafsah, shiga ɗakina ki fito da akwatunan lefen nan. Wanda ya ji kunyar uba ba zai ɗauki 'ya ba."

Nafeesa ta yi kuka ranar, ban ce ba ta yi ba. Amma da hannunta ta zuge zif ɗin akwatin ƙarshe.

Kafin la'asar an mayar wa Abdulmajeed da lefensa gidansu a Maitama. An fasa auren, kuma ofishinsu kaf sun ji dalili.