Kan Yumɓun Da Ya Ari Hannun Ubale

Duk wanda ya manyanta a Tudun Ƙofa ya san kangon nan da ko awaki ba sa fakewa a cikinsa. Gidan Ubale ne. Na san shi tun yana lebura, ƙaƙƙarfan mutum mai dogon buri, wanda in ya ga motar wani sai abinci ya fita ransa. Abu ɗaya na san yana ƙauna fiye da duniya, ita ce 'yarsa Zubaidatu.

A shekarun da arzikin mai ya buɗe, ana ta yankan hanyoyi, wani ma'aikacin kayan tarihi mai suna Wilson ya zo tono a gindin wani dutse kan hanyar Nasarawa. Ya ɗauki Ubale cikin masu haƙa. A kwana na tara suka ci karo da dutsen niƙa, a ƙarƙashinsa kuma ga kan mutum na yumɓu, an kife shi. Wani dattijon ƙauyen da ke kallo ya ce, "Waɗanda suka kife shi ba mahaukata ba ne. Ku mayar da ƙasa."

Wilson ya yi murmushi irin na 'yan boko. Ƙa'idar aikinsa ita ce ba a ɗaga abu sai an ɗauki hotonsa a inda yake, shi kuwa fim ya ƙare masa. Ya bar kan a rami ya tafi Keffi. Kafin ya dawo, Ubale ya naɗe shi a buhu.

Bai kai wa masu saye ba. Wurin wani boka ya nufa, a cikin kogon dutse. Da rana tsaka ya shiga, amma ciki duhu ne, sai ƙarnin jini. Tukwane a jere, kowace da gashin kaza manne a bakinta, ƙahonin awaki a rataye, ƙasa ta yi baƙi don yanka. Boka ya buɗe buhun ta baya, ya yi maza ya yafa wa kan tsumma.

"Ka kalli fuskarsa?"

"A'a, Baba. A kife na ɗauko shi."

"To da sauran shan ruwanka. Me kake so?"

"Arziki. Na gaji da ɗaukar diga."

"Zai ba ka. Amma ka gani, shi kai ne ba gangar jiki, ba shi da hannu. Zai riƙa aron naka."

Ubale ya yi dariya. "Hannun da nake yi wa wasu bauta da shi? Ya ara."

"Idonsa kuma huda ce, ba ya rufuwa. Duk wanda ya gani, nasa ne."

"In na rufe shi da zane na kulle ɗaki, ai shi ke nan?"

Boka ya ce, "Kai ka faɗa."

Aka kayar da baƙin bunsuru. Boka ya tara jinin a tafin hannun Ubale, ya sa shi ya shafa a ƙeyar kan. Yumɓun ya shanye jinin nan take, ko alama bai bari ba.

Ba a rufa shekara ba Ubale ya samu kwangilar kai tsakuwa. Tifa ɗaya ta zama shida. Ya gina gidan siminti, ya je Makka, muka koma ce masa Alhaji, har da mu da muka san shi da yagaggiyar riga. Ɗaki ɗaya ne a gidan ba a buɗewa.

Sai wata rana ya manta makulli a jikin ƙofar. Ƙanensa Sale, mai tuƙa masa tifa, ya shiga neman takardun mota, ya ga abu a rufe, ya yaye zanen. Bayan kwana uku aka tsinci Sale a ramin tsakuwa, an farfasa masa kai da guduma. Ubale ya yi kuka a wurin jana'iza, kuma na rantse kukan gaskiya ne. Da damina rufin ɗakin ya fara yoyo, aka kira Jibril kafinta. Ta sama ya leƙa, iska ta riga ta zame zanen. Shi ma aka same shi a bayan wani gareji a Sabon Gari, ba a gane shi ba sai ta rigarsa.

Hauwa'u, matar Ubale, ita ta fara sani. Tana wanki ta ga busasshen jini da gashin mutum a hannun rigar mijinta. Daga ranar ba ta sake zama daidai ba. Ta riƙa bin kasuwa ba ɗankwali tana cewa, "Hannunsa ne, hannunsa ne." Danginta suka ɗauke ta. Gida ya rage daga Ubale sai Zubaidatu, 'yar shekara goma, ita ce shara, ita ce wanki.

Sufeto Dogara, wanda aka ba binciken, ba ya raina maganar mahaukaci. Ya lura gidan Ubale ne wuri na ƙarshe da mamatan biyu suka shiga. Ya tono tsohon rahoton da Wilson ya kai na ɓatan kan yumɓu, ya ga sunan Ubale cikin leburorin. Ya tafi wurin dattijon ƙauyen nan. Dattijo ya ce, "Kakanninmu sun kife shi ne bayan ya cinye gida uku. Wanda yake ajiye da shi, shi ne mai kisan, kuma bai sani ba."

Ubale kuwa tsoro ya kai shi wurin Malam Lawal, limamin unguwa.

"Malam, ban tuna komai ba. Sai dai in ga fuskar abin nan a wuyan mutum tana kallona, in na farfaɗo in ga jini."

"Alhaji, shirka ka yi, ka kuma zubar da jini. Ka je ka fasa shi, ka miƙa kanka ga hukuma. Yarinyar nan kuma ka fitar da ita daga gidan yau."

Ubale ya nufi gida da hantsi. Bai san cewa Zubaidatu ta tsinci makullin a aljihun rigar da za ta wanke ba, ta kuma buɗe ɗakin don ta share.

Yana shiga ciki, Dogara na isowa zaure da kurata biyu. Da wani wuri ne da ya kutsa. Amma a Keffi ya tashi, ya san namiji ba ya faɗa wa cikin gidan Musulmi ba izini. Ya tsaya ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi.

A tsakar gida Ubale ya ɗauki taɓarya. Ya ga ƙofar ɗakin a buɗe. Ya ga kan yumɓun ya sauko ƙasa, idanun nan biyu suna kallonsa. Ya yi bisimilla, ya ɗaga taɓaryar da hannu biyu, ya sauke da duk ƙarfinsa na lebura. Ya ƙara, ya sake ƙarawa.

Dogara yana sallama ta uku ya ji ƙarar. Ko da suka shiga, Zubaidatu tana kwance, tsintsiya a hannu ɗaya, baƙin zane a ɗayan, jini ya kai bakin ƙofa. Kan yumɓun yana nan bisa kantar ɗakin inda ake ajiye shi, ko tsagewa bai yi ba. Ubale ya juyo yana haki, yana murmushi, ya ce, "Sufeto, na fasa shi."

Ba a iya yi masa shari'a ba, don da ya gane abin da ke ƙasa hankalinsa ya tafi. A ɗaure ya ƙare rayuwarsa, sai da ya cinye yatsun hannunsa na dama da haƙori. Dogara ya ajiye kaki a shekarar, har ya mutu bai daina cewa da ya shiga tun sallamar farko ba.

Kai mai ganin motar wani ka kasa cin abinci, ka ji. Tsafi ba ya ba da kyauta. In zai karɓi nasa kuma, ba ya aiko baƙo, kai zai sa ka miƙa masa abin da ka fi so.